An ce hantata ta yi kitse, uwar mijina ta ware mini kofi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Jos, shekaruna 31, shekara biyar da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Tun ina budurwa al'adata ba ta da tsari, sai in yi wata biyu, wani lokaci huɗu, ban ga jini ba. Ga gashi a haɓa, ga wani baƙi a bayan wuya da babu sabulun da ban goga ba. Shekara biyu da suka wuce likitan mata ya ce PCOS gare ni, wato wata tangarɗar gidan ƙwai da ke hana ƙwai fita a kan kari. Watan jiya na je sikanin saboda nauyin da nake ji a gefen dama na cikina, sai mai hoton ya ce akwai kitse a hantata, har ya tambaye ni ko ina shan giya, a gaban ƙanwar mijina da ta raka ni. Wallahi Anti ko warinta ban sani ba. Nauyina kilo 90, sana'ata cincin da zoɓo da kunun aya a cikin gida. Lokacin bikina mai gyaran jiki ta ba ni wasu ƙwayoyin ƙiba, na sha kusan wata uku. Mahaifina ciwon hanta ne ajalinsa, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, don haka tun ranar ba na iya barci, gani nake ni ma tawa ta zo. Maganar ta kai kunnen Hajiya, uwar mijina, gida ɗaya muke. Ta ware mini kofi da cokali, ta hana jikokinta cin abinci a kwanona, ta kuma kawo jarkar maganin shawara ta ce in sha safe da yamma, ban da na haihuwa da na daɗe ina sha. Maigida bai ce uffan ba, ga shi ina jin ƙishin-ƙishin za a nema masa aure. Anti, wannan ciwon kisa yake? Ana ɗaukarsa? Zan haihu kuwa? In sha maganin Hajiya don a zauna lafiya?

Daga ƙanwarki a Jos.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya ji ƙan mahaifinki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa kofin nan ne da aka ware. Shekara biyar babu haihuwa kaɗai ta ishi mace kukan dare, balle a wayi gari a gidan da kike girka wa kowa abinci an fara ƙyamarki, ga kamannin mahaifinki a kwance suna yi miki gizo. Bari in fara kwantar miki da hankali kafin dogon bayani. Kitse a hanta ba a ɗaukarsa, ko ta kofi, ko ta kwano, ko ta shimfiɗar aure. Mafi yawan masu shi ba ya kai su ga mutuwar hanta, kuma a matakin farko yana narkewa kamar ba a yi ba. Mata masu PCOS suna haihuwa, da yawansu da ɗan taimakon asibiti. Jarkar Hajiya kuwa kada ki sha. Zan gaya miki dalili, da kuma yadda za ki ƙi ba tare da kin ɓata mata rai ba.

Mai sikanin nan ya yi kuskuren wurin tambaya, domin magana irin wannan daga ke sai shi ake yin ta. Ita kanta tambayar tana cikin ƙa'idar aikinsu, saboda giya na cikin abubuwan da ke tara kitse a hanta. Sai dai akwai kitsen da babu ruwansa da giya, shi ne ma ya fi yawa a duniya. Shekara da shekaru likitoci suna kiransa NAFLD, wato kitsen hantar wanda ba mashayi ba, sai a 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sake masa suna zuwa MASLD, don sunan ya nuna tushen abin, wato tangarɗa a yadda jiki ke sarrafa sukari da mai. Ana cewa hanta ta yi kitse idan mai ya taru a fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta, kuma kusan uku cikin kowane baligi goma a duniya na ɗauke da shi, yawancinsu ba su ma sani ba. Akwai shi a jikin limamai, akwai shi a jikin alhazan kasuwar Terminus, akwai shi a jikin yara masu ƙiba da ba su gama sakandare ba. Babu abin kunya a cikinsa.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, PCOS ɗinki da kitsen hantarki rassa biyu ne na itace ɗaya. Duk lokacin da kika ci tuwo ko shinkafa ko burodi, jiki na mayar da shi sukari a cikin jini. Akwai wani sinadari da ake kira insulin, aikinsa ya buɗe wa sukarin nan ƙofa ya shiga tsoka a yi aiki da shi. A jikin mata da yawa masu PCOS ƙofar ta cije, insulin kaɗan ba ya buɗe ta, sai jiki ya riƙa kwararo shi da yawa. Yawansa a jini kuwa ɓarna yake yi a wuri biyu. A gidan ƙwai yana sa a fitar da sinadarin maza fiye da ƙima, shi ke hana ƙwai ya nuna ya fito kowane wata, shi ke kawo gashin haɓa da jinkirin al'ada. A hanta kuma umarni yake bayarwa a mayar da rarar sukari mai a ajiye. Da ma hanta ita ce rumbun jiki, to sai rumbu ya cika ya tumbatsa. Hantar da ta yi kitse tana rage fitar da wani furotin da ke ɗaure sinadarin maza a cikin jini, sai sinadarin ya samu sake, PCOS ta ƙara ƙarfi. Kin ga kowanne yana hura wa ɗan uwansa wuta. Shi ya sa bincike ya sha nuna cewa mace mai PCOS ta ninka wadda ba ta da shi haɗarin kitsen hanta, sau biyu ko fiye, har siraran cikinsu ba su tsira gaba ɗaya ba. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da PCOS, kuma masu shi da ba a taɓa gano musu ba suna iya kaiwa kashi 70. Ke aƙalla kin san sunan abin da ke damunki.

Baƙin bayan wuyan nan ma da kike ta dirza ba dauɗa ba ce, tambarin yawan insulin ne a fata. Ki bar shi ya huta, kada kuma ki kai masa man bilicin. Idan insulin ya sauka yakan dusashe da kansa.

Yanzu maganar mahaifinki, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Kitsen hanta hawa-hawa ne. Hawan farko kitse ne kawai a kwance, nan mafi yawan mutane ke tsayawa har ƙarshen rayuwarsu. Wasu kitsen yana jawo musu kumburi a hanta, kumburin in ya daɗe ya fara barin tabo, tabon in ya yi yawa hanta ta taurare ta ƙanƙance. Wannan tafiya ce ta shekaru masu yawa, kuma kaɗan ne ke kaiwa ƙarshenta. Abin da ya fi kashe masu kitsen hanta ma ciwon zuciya ne da jijiyoyin jini, shi ya sa za ki ji ina nanata awon sukari da hawan jini. Amma a ƙasarmu, idan aka ce magidanci ya rasu da kumburin ciki da ɗorawar ido, abin da likita zai fara zargi shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya samu kusan mutum takwas cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Tana bin jini, da saduwa, da uwa zuwa jariri, da askar wanzami, da reza ko allura ko buroshin haƙori da aka yi tarayya a kai, yara kuma kan ɗauka a gida tun suna ƙanana. Saboda haka gwajin farko da nake so ki yi shi ne na nau'in B da nau'in C. Ba shi da tsada, kuma ba a daɗewa sakamako ke fitowa. Ki gaya wa mahaifiyarki da 'yan uwanki su ma su yi, haka maigida. Idan babu, ki karɓi allurar rigakafin nau'in B, sau uku ake yi cikin wata shida. Idan akwai, akwai magungunan da ke danne ta, maigida zai yi rigakafi, jaririnki kuma in Allah ya kawo a yi masa allura cikin awa 24 da haihuwa. Ko a wannan halin ma, ita nau'in B ba ta bin kofi da cokali. Ta kowace fuska dai ware miki kwano ba shi da tushe.

Sikanin da aka yi miki, kitse kawai yake nunawa, ba ya faɗin ko akwai tabo. Ki ɗauki takardar sakamakon ki je inda akwai likitan hanta da likitan mata a inuwa ɗaya, kamar asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko Jankwano. Za a ɗebi jini a auna ALT da AST, waɗanda ke nuna ko hanta na cikin wahala, da ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Da waɗannan ukun da shekarunki likita ke haɗa wani lissafi da ake kira FIB-4, wanda in ya gaza 1.3 alama ce cewa da wuya a samu tabo mai yawa. Lissafin bai cika kaifi ga 'yan ƙasa da shekara 35 ba, don haka idan likita ya ce a ƙara da FibroScan, injin da ke auna taurin hanta ta bayan fata ba tare da allura ba, kada ki ɗauka wani mugun abu ya gani. Ki roƙi a yi miki awon sukari na sosai, wanda ake ba ki ruwan sukari giram 75 ki sha a sake auna ki bayan awa biyu, domin ga mai PCOS da ke neman ciki ya fi awon safe kaɗai tona asiri. A haɗa da awon mai a jini da hawan jini. Nauyin da kike ji a gefen dama ki faɗa masa da kyau, saboda kitsen hanta sau da yawa shiru yake yi, tsakuwar matsarmama ma na kawo ciwo a wannan gefen. Idan kuɗi bai kai a yi duka rana ɗaya ba, ki fara da na B da C, da na hanta, da na sukari.

Sai jarka. Duk abin da kika haɗiya, magani ne ko sassaƙe ko saiwa, sai ya bi ta hanta ta tace shi. Hanta mai lafiya ma wani jiƙon yana kayar da ita, ina ga wadda take ɗauke da kaya. Ruwan da ke cikin jarkar nan babu wanda zai iya gaya miki saiwa nawa aka haɗa, da ƙarfin kowace, da ko kofin yau ɗaya yake da na gobe. Ban ce iyayenmu ba su san itatuwa ba, sun sani, amma likitocin hanta a ko'ina suna karɓar mutanen da jiƙo da haɗe-haɗen gargajiya suka ƙone musu hanta, har da shayin rage ƙiba da ake tallarsa a WhatsApp da Instagram. Ƙari a kan haka, ke ba ki da shawara, idonki fari ne, maganin ciwon da babu shi za ki sha. Na haihuwar da kika daɗe kina sha shi ma ki dakatar, ki ɗauki kwalaben ko ƙullin ki nuna wa likita, kada ki ɓoye masa komai don jin nauyi. Ƙwayoyin ƙibar bikin nan ma ki ambata. Da yawa daga cikin irinsu akwai sinadarin sitiroyid irin dexamethasone a ciki, wanda ke tayar da sukari, ya tara teɓa, ya taimaka wa kitse ya kwanta a hanta. Abin da ya wuce ya wuce, yarinya ce ke aka ba ki kika karɓa, amma ina roƙon duk uwar da ke shirin aurar da 'ya ta karanta wannan layin sau biyu. Ko farasitamol ki sha shi bisa ƙa'ida, kada ki mayar da shi abin kowace safiya. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna kuma ki zubar, gubar da ke cikinsu hanta take nufa kai tsaye.

Hajiya fa? Ki yi mata uzuri, ƙanwata, ko da zuciyarki na tafasa. Ta girma ne tana ganin ciwon hanta yana ɗaukar mutane, an ce mata ana ɗauka, ga jikoki a tsakar gida. Rashin sani ya fi dare duhu. Matar da ta ƙi ki har zuci ba za ta tashi ta nemo miki magani da kuɗinta ba. Ki karɓi jarkar da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce, "Hajiya, likita ya ce in dakata da kowane magani sai an gama awon jini, kada ya rikita sakamako." Gaskiya kika faɗa, kowane likita haka zai ce. Abin da ya fi wannan shi ne a tafi da ita asibiti ranar karɓar sakamako, ta ji da kunnenta daga bakin likita cewa ba a ɗauka. Dattijuwa takan kasa karɓar gyara daga bakin matar ɗanta, amma ta karɓa daga mai farar riga. Ƙanwar mijin nan da ta ji zancen giya ita ma a tabbatar ta ji amsar, kafin maganar ta yi fiffike a dangi. In kuma Hajiya ta ƙi zuwa, ki nemi wata dattijuwa da take jin maganarta, ko malamar Islamiyyarsu, ta isar mata.

Wanda ya kamata ya mayar da kofin nan cikin sauran kofuna dai maigida ne. Shirunsa yana yi miki ciwo, kuma kina da gaskiya. Wasu mazan tsoro ne ke ɗaure musu baki, ba su san abin faɗa ba, ga uwa a gefe guda ga mata a ɗaya gefen. Amma kunyar uwa ba ta sauke masa nauyin kare mutuncinki ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, daga ke sai shi, kada ki fara da ƙorafi a kan mahaifiyarsa. Ki ce masa kina jin tsoro, kina buƙatarsa kusa, sannan ki roƙe shi abu uku a fili: ya raka ki asibiti, ya yi gwajin B tare da ke, ya kuma yi gwajin maniyyi. Na ƙarshen zai iya yi masa nauyi, amma a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu jinkiri akwai hannun ɓangaren namiji, shi kaɗai ko haɗe da na mace. Kasancewar an samu PCOS a jikinki bai wanke shi ba sai an duba.

Zancen ƙarin aure kuma, ƙishin-ƙishin ne kika ji, ki tambaye shi kai tsaye maimakon ki bar zuciya tana saƙa miki. Ba zan yaudare ki in ce kina da ikon hanawa ba. Amma kina da haƙƙin ki ce kada a gina shi a kan ƙaryar cewa ke mai ciwon ajali ce ko juya, kina kuma da damar ki nemi ya ba ku shekara guda ta magani na haƙiƙa, ku biyu, wanda ga dukkan alamu ba ku taɓa yi ba. Abin da nake ji miki tsoro shi ne fargabar kishiya ta sa ki shiga tsere, yau jiƙo, gobe allurar kemis, jibi yunwar ganganci. Da kishiya da babu, hantar nan taki ce, da ita za ki rayu.

Maganin da ya fi kowanne ƙarfi a kan kitsen hanta har yau shi ne rage nauyi a hankali. Ga lissafinki. A kilo 90, idan kika sauke kashi 5 cikin 100, wato kilo huɗu da rabi, kitsen zai fara narkewa, kuma a daidai nan ne mata da yawa masu PCOS ke ganin al'adarsu ta fara daidaita. Kashi 7 zuwa 10, wato kilo shida zuwa tara, shi ke kwantar da kumburi har ya sassauta tabo. Babu wanda ya ce ki koma siririya. Rabin kilo a mako ya isa, cikin wata shida kin kai. Zubar da nauyi da gaggawa yana iya ƙara wahalar da hanta ya kuma haifar da tsakuwar matsarmama. Na san jikin mai PCOS yana da taurin kai wajen sakin ƙiba, idan sikeli ya tsaya cak na mako biyu kada ki karaya.

Ki fara da abin sha, nan ɓarnar ta fi yawa. Sukarin da ke cikin lemo da kayan zaƙi rabinsa wani nau'i ne da hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, in ya yi yawa ta mayar da shi mai. Kwalbar lemo ta roba mai rabin lita tana iya ɗaukar ƙaramin cokali goma sha biyu ko fiye na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau kada baligi ya wuce kamar shida a yini. Lemon malt da muke ɗauka na ƙarin jini ne shi ma sukari ne, zuma da dabino masu yawa ma haka. Ga ki da sana'ar zoɓo da kunun aya da cincin, mai girki kuwa ba ta rasa ɗanɗanawa, sai ki tarar kin sha kofi uku kin ci cikin hannu biyu na cincin ba ki lissafa su a abinci ba. Ban ce ki bar sana'arki ba, ita ce rufin asirinki. Ki auna sukarinki da ma'auni tsayayye yadda ba sai kin ɗanɗana ba, ki ɗebi naki zoɓon kafin ki zuba sukari, ki sa masa citta da kanumfari. Kina ma iya fitar da marar sukari a ƙananan robobi, masu ciwon sukari a unguwarku suna neman irinsa. Shayin safe na sanyin Jos, mai kaurin madara da sukari da rabin burodi, shi ma a rage masa ƙarfi, a sa ƙwai ko alala ko ƙosai kaɗan a gefe. Gahawa marar sukari kofi biyu a yini tana da amfani ga hanta, amma da zarar ciki ya shiga a rage.

Allah ya yi miki gata da ya zaunar da ke a Jos. Abin da mutanen Abuja ke saya da tsada ke a Faringada za ki same shi tuli: kabeji, karas, koren wake, latas, kokwamba, tumatir, ga alayyafo da zogale da rama da yakuwa. Ki raba farantinki, rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, kwatan ƙarshe tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya madaidaiciya. Gwaten acha da ya sha ganye abinci ne mai kyau gare ki, haka faten wake, haka dambun zogale in ba a tsula masa mai ba. Sai dai acha da dankalin turawa su ma sitaci ne, a auna su, dankalin kuma dafaffe ya fi soyayye nesa ba kusa ba. 'Ya'yan itace ki ci su da ɓargonsu maimakon ki matse ruwan. Kada ki ware wa kanki tukunya, an riga an ware miki kofi ya isa. Ki gyara girkin gidan gaba ɗaya a hankali, Hajiya da maigida su ma jikinsu zai gode. Idan kina azumin Litinin da Alhamis, madalla, amma kada buɗa-baki ya zama ramuwar gayya da kunu mai sukari da soye-soye.

Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba, saboda tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari ba sai an yi ta roƙonta da insulin ba. Abin nema minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri da za ta sa ki haki amma kina iya magana. Garinku hawa da gangara ne, wannan ma riba ce. Ki nemi maƙwabciya ku riƙa fita bayan gari ya waye, da izinin maigida, in ma da hali shi ya raka ki bayan la'asar. Ranar da hunturu ya hana fita, zagayen tsakar gida na minti goma bayan kowane cin abinci yana aiki.

Haihuwa kuwa, matsalar PCOS ita ce ƙwai ba ya fita a kan kari, kuma tana cikin matsalolin haihuwa da suka fi jin magani. Maganin da ƙa'idojin duniya suka sa a gaba yanzu don tayar da ƙwai shi ne letrozole, akwai kuma clomiphene da aka daɗe ana amfani da shi. Likita na iya haɗa miki da metformin, wanda ke sassauta cijewar insulin, kuma kitsen hanta na matakin farko ba ya hana shan sa. Kada ki sayi ko ɗaya a kemis da kanki, ana bin su ne da sikanin da lissafin kwanaki. Shawarata ki ba jikinki wata uku zuwa shida na gyara kafin a fara tayar da ƙwai, domin cikin da aka shiga da sukari da hawan jini a daidaice ya fi kwanciyar hankali, masu PCOS da kitsen hanta sun fi saurin kamuwa da ciwon sukarin goyon ciki. Shekara 31 ba ta ƙure miki ba. Ki fara shan folik asid tun yanzu, ƙwayar bitamin da ake ba masu shirin ɗaukar ciki. Allurar rage ƙiba ta mako-mako da ake yayi, irin semaglutide, ba ta mai neman ciki a kusa ba ce, sai an daina ta da wata biyu kafin a ɗauka, kuma hannun likita kaɗai ya kamata ta fito. Wata huɗun nan da kike yi babu al'ada ma kada ki ƙara zura masa ido. Duk lokacin da kwana 90 suka wuce, ki yi gwajin ciki, in babu ki je a ba ki maganin da zai saukar da jinin, saboda bangon mahaifa in ya daɗe yana kauri ba ya zuba yana iya zama matsala nan gaba.

Idan kika ga idonki ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ciki da ƙafafu sun kumbura, ko aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a tafi asibiti a ranar. Rashin barcin nan da yawan tunanin mutuwa ma ki faɗa wa likita idan suka wuce makonni, domin damuwa da ƙuncin rai sun fi yawa ga mata masu PCOS, kuma ana maganinsu. Ki nemi mutum ɗaya a danginki, yayarki ko mahaifiyarki, da za ki riƙa yi wa kuka ba tare da maganar ta dawo gidan aurenki ba. Ki riƙe addu'a, ina taya ki.

Ranar Litinin ki tashi ba ki karya ba, saboda awon sukari da na mai. Ki sa takardar sikanin a jaka, da tsofaffin takardun likitan mata, da kwalaben duk abin da kika sha, da 'yar takarda da kika rubuta watannin da kika ga al'ada a bana. Idan sakamako ya fito ki sake rubuto mini, ki gaya mini lambobin, ki kuma gaya mini ko maigida ya raka ki.